Darasi na Goma Sha Ɗaya: Ƙungiyar Jarumai ta Sarkin Ingila

Malami ya fara karantawa da ƙarfi, ɗalibai suna bi da yatsa. Bayan haka kowa ya karanta sakin layi ɗaya. Kada a yi gaggawa a wurin shekaru, domin da su za mu yi lissafi.

A ƙasar Ingila akwai wata tsohuwar ƙungiya da sarki yake saka mutum a ciki idan yana so ya girmama shi matuƙa. A takarda ana rubuta sunanta Garter, a baki kuwa sai ka ji kamar an ce "Gata". Ma'anar kalmar za ta ba ku dariya: maɗaurin safa ne, ɗan ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙasan gwiwa don kada safa ta zame.

Sarki Edward na Uku ne ya kafa ta a shekarar 1348. A lokacin yana yaƙi da Faransa, yana cewa gadon sarautar can ma nasa ne. Shekara biyu kafin nan, a 1346, ya ci nasara a wani wuri da ake kira Crécy. Da yawa daga cikin waɗanda ya fara zaɓa mayaƙan da suka yi wannan gumurzu tare da shi ne, har da babban ɗansa.

To me ya haɗa barade da maɗaurin safa? Labarin da aka fi bayarwa shi ne, wai ana cikin rawa a fada sai maɗaurin wata mace mai daraja ya faɗi ƙasa. Fadawa suka fara ƙyafta wa juna ido. Sarki ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗaura a tasa ƙafar, ya ce da Faransanci: tir da mai mugun zato. Labarin da daɗi, amma sai da aka daɗe da mutuwar sarkin aka rubuta shi, shi ya sa masana tarihi ba su cika yarda da shi ba. Wasunsu suna ganin ɗamarar irin wadda mayaƙa suke ɗaure sulke da ita ce, maganar kuma martani ce ga masu musun haƙƙinsa a kan Faransa. Har yau dai kalmomin suna nan da ruwan zinariya a jikin maɗaurin.

Abin da ya sa ake ji da wannan girma shi ne ƙarancinsa. Ba a biyan albashi, ba a ba da gari ko gunduma. Kujeru 24 ne kawai, ban da sarki da yarima mai jiran gado. Sai kujera ta zama babu kowa, galibi bayan mai ita ya rasu, sannan a naɗa wani. 'Yan gidan sarauta da sarakunan ƙasashen waje ba a cikin wannan adadi ake ƙirga su ba. Sarkin Habasha, Haile Selassie, ya shiga ta wannan ƙofa a 1954. Tun 1946 kuma zaɓen yana hannun sarki shi kaɗai, firaminista ba ya miƙa masa suna.

Gidan ƙungiyar shi ne cocin St George da ke cikin fadar Windsor, inda aka binne Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 2022. Idan ka shiga, ka ɗaga kai. Kowane ɗan ƙungiya yana da kujerar katako mai sassaƙa a jikin bango. A samanta an rataye tutarsa, ƙarƙashin tutar akwai kwalkwali da takobi. A bayan kujerar an kafa ɗan faranti na ƙarfe mai ɗauke da tambarinsa. Bayan ya rasu za a sauke tuta da kwalkwali da takobi, iyalinsa su mayar wa fada da sarƙa da lambar girman da aka ba shi. Farantin ne kaɗai ba a cirewa. Saboda haka kujera guda za ka ga bayanta cike da faranti, na bara kusa da na shekara ɗari biyar, kamar jerin sunayen waɗanda suka riƙe sarauta ɗaya.

Ana kuma iya tsige mutum. A zamanin da, idan an kama ɗan ƙungiya da cin amanar sarki, sai a jefo tutarsa da kwalkwalinsa ƙasa, a yi ta shurinsu da ƙafa har waje. A 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, an sauke tutar sarkin Jamus. A 1941 aka sauke ta Hirohito, sarkin Japan, sai a 1971 aka mayar da ita.

Bikinsu a watan Yuni ake yi, ranar Litinin. Da safe sarki ya naɗa sababbi a cikin fada, a ci abinci, sannan a gangaro coci a ƙafa. Kowa yana sanye da alkyabba shuɗiya ta karan-miski da baƙar hula mai farin gashin jimina. Namiji a ƙafar hagu yake ɗaura maɗaurinsa, mace a hannun hagu. An daɗe ba a yin wannan jerin gwano, Sarki George na Shida ne ya farfaɗo da shi a 1948. Mata kuwa sai a 1987 aka ba su cikakkiyar kujera. Margaret Thatcher, tsohuwar firaminista, ta samu a 1995, Valerie Amos, wata 'yar siyasa, kuma a 2022, ita ce baƙar fata ta farko a cikin mutum 24 ɗin.

Wani dattijo zai ce, ai mu ma muna da Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gaskiya ne, Baba, Sarauniya ce ta ba su. Amma tasu lambar KBE ce, ta wata ƙungiya daban da aka kafa a 1917, mai mutane da yawa.

Aikin aji

Ɗauki fensir. Rubuta 1948 a sama, 1348 a ƙasa, lamba a ƙarƙashin lamba, ka ɗebe. Shekara nawa ƙungiyar ta cika ranar da aka farfaɗo da bikin? Yi haka kuma da 1971 da 1941, ka ga tsawon lokacin da tutar Hirohito ta yi a sauke.

Kwafi waɗannan kalmomi sau uku-uku, ka kula da lanƙwasar harafi: maɗauri, ƙungiya, shuɗiya, sarƙa. Idan ka bar lanƙwasa a "ƙafa", ka rubuta "kafa", maganar ta canza.

A gida ka rubuta jimla biyu a kan abin da ake saukewa idan ɗan ƙungiya ya rasu, da abin da ake bari. Ka zo da littafinka a zama na gaba.