Kurakuran da ke kashe kifin ado a akwatin gilashi

Duk wanda ya zo mini da kukan kifinsa ya mutu, maganarsa ɗaya ce: "Wallahi ruwan garau yake." Na gaji da jin ta. Amoniya, gubar da ke taruwa a ruwan kifi, ba ta da launi, ido ba ya ganinta, kuma ita ce ke cinye yawancin kifin sababbin masu kiwo.

Kifi yana fitar da amoniya ta wajen numfashinsa da kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa ma yana ƙara ta. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin soson filta (matatar ruwan akwatin) da tsakuwa. Wasu su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, mai sauƙin illa. A sabon akwati sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya wannan aiki. Amma sai mutum ya sayo akwati da hantsi, ya cika ruwa, la'asar ya antaya kifi goma. Bayan 'yan kwanaki ruwa ya koma kamar na wankin shinkafa, kifin su taru a sama suna haki. Ni dai in zan fara sabon akwati, tsohon soso nake ara daga akwatin da ya daɗe yana aiki lafiya, in sa ƙananan kifi biyu, sauran su jira. Ka kuma sayi abin gwajin ruwa: amoniya sifiri, naitirait sifiri, naitiret ƙasa da 40.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wankin ƙarshen wata. A kwashe kifi a roba, a zubar da ruwa kaf, a dirje gilashi, a wanke tsakuwa da sabulu, a murje soso a bakin famfo har ya yi fari fat. Mai yi yana ganin ƙwazo ya yi, alhali gyaran gangar Auzinawa ne. Da irin wannan tsaftar na rasa manyan kifayen zinariya da na raina tun suna ƙanana. Kafin sati ya zagayo fukafukansu sun yi jajaja-jaja, suka kwanta a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wannan launin ƙasa-ƙasa da kake ƙyama a jikin soso, a nan masu yi maka aiki suke zaune. Ka wanke su, ka koma ranar farko, sai dai yanzu akwatin cike yake da kifi. Don Allah a daina! Rubu'in ruwa za ka cire duk mako, da tiyo, kana zuƙo dattin da ke tsakanin tsakuwa. Soso kuwa a cikin ruwan da ka cire za ka matse shi sau biyu ko uku, ka mayar. Bokitin kifi daban, kada sabulu ya taɓa shi ko da wasa.

Ruwan da za ka zuba ma abin dubawa ne. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, mai kashe bakteriyar kuma ya ƙone wa kifi wajen numfashi. Akwai maganin ɗigawa da ke kashe kaifinsa nan take. Barin ruwa ya kwana a buɗe yana korar kulorin, amma ba ya korar kuloramin, ɗan uwan kulorin da shi ma ake tsaftace ruwan famfo da shi a wasu wurare, don haka ɗigawar ta fi kwanciyar hankali. Na rijiyar burtsatse ba shi da wannan matsala, sai dai iskarsa kaɗan ce, ka bar shi ya sha iska tukuna. Kuma da bazara kada ka tari ruwan tankin saman rufi da tsakar rana ka juye wa kifi. Ruwa in ya yi zafi iskar da yake riƙewa raguwa take yi.

Maganin sauro na fesawa kuwa, ɗan kaɗan ya isa ya gama da akwati guda cikin dare. Kafin a fesa ɗaki, a kashe famfon iska, a lulluɓe akwatin, kada a buɗe sai warin ya fita. Ka faɗa wa mutanen gida, don sau da yawa ba mai kifin ne ke fesawa ba.

In an ɗauke wuta ta daɗe, kada ka ba su abinci, ka kunna ɗan famfon iska mai batir. Ruwa ya yi kore, hasken rana ne ya yi yawa, ka janye akwatin daga bakin taga. Abinci, abin da za su cinye cikin minti 2 ya isa, a kuma ɓoye gwangwanin daga hannun yara. Cike gurbin ruwan da ya ƙafe da hunturu ba canjin ruwa ba ne, domin naitiret ɗin yana nan bai je ko'ina ba. Gishiri da magunguna kuma a ajiye su sai an gwada ruwa an ga abin da ke ciki.