Yadda ake auna hepsidin da fassara sakamakonsa a binciken ƙarancin jini

Hepsidin ƙaramin furotin ne mai amino asid 25 wanda hanta ke samarwa, kuma shi ke ƙayyade yawan sinadarin ƙarfe da zai shiga jini. An gano shi tsakanin shekarar 2000 da 2001, sannan a 2004 Elizabeta Nemeth da Tomas Ganz na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, tare da abokan aikinsu, suka nuna yadda yake aiki: yana kama ferofotin, wato ƙofar da ƙarfe ke fita ta cikinta daga ƙwayoyin hanji da na saifa, ya sa a janye ta ciki a lalata ta. Idan hepsidin ya yi yawa ƙofa ta rufe, ko da mutum yana shan ƙwayar ƙarin jini kullum, kaɗan ne zai wuce hanji. Wannan ne ya sa masu bincike ke kallonsa a matsayin alamar cuta da kuma wurin da magani zai iya kamawa.

Aikin aunawa yana farawa tun kafin a soka allura. A ɗebi jinin da safe, kuma a lokaci ɗaya ga duk waɗanda ke cikin binciken, domin hepsidin yana ƙasa da sassafe, yana hawa yayin da rana ke ɗagawa. A tambayi mutum yaushe ya sha maganin ƙarfe na ƙarshe, saboda binciken da aka yi a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 2015 ya nuna cewa shan maganin yana ɗaga hepsidin har kusan awa 24, abin da ya kai ga shawarar sha yau a tsallake gobe. A rubuta kuma ko an taɓa yi masa ƙarin jini, da kwanan watan. Bayan an raba ruwan jinin daga ƙwayoyinsa, a zuba shi a ƙananan kwalabe daban-daban a ajiye a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, don kada a riƙa narkar da samfuri ɗaya ana sake daskarar da shi. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan mataki ya fi kowanne lalata bincike, kuma gara a tsara jigilar samfuran zuwa ɗakin gwaji mai janareta tun daga farko.

Hanyoyin aunawa biyu ne suka fi shahara: ELISA, wato gwajin da ke amfani da sinadaran garkuwar jiki wajen kamo hepsidin a auna shi, wadda ta fi araha, da na'urar tantance nauyin ƙwayoyin sinadari, wadda ke bambance cikakken hepsidin daga gutsattsarinsa. Alƙaluman da hanyoyin ke bayarwa ba su cika daidaita ba, saboda haka kada a ɗauko iyakar yawa ko ƙarancin hepsidin da wani ɗakin gwaji ya kafa a ɗora a kan sakamakon wani.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne fassara. Bai kamata a karanta hepsidin shi kaɗai ba, sai tare da himoglobin mai ɗaukar iskar oksijin a jini, da feritin mai nuna ƙarfen da jiki ya ajiye, da CRP mai nuna kumburi, da gwajin aikin ƙoda, tunda ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki. A ɗauki yaro mai ƙarancin jini da aka kawo asibiti da damina. Idan hepsidin ɗinsa yana ƙasa, feritin ma yana ƙasa, jikinsa na neman ƙarfe kuma zai karɓa. Idan kuwa hepsidin da CRP duk sun hau, a fara neman zazzaɓin cizon sauro ko wata cuta, domin sinadarin IL-6 da kumburi ke saki yana umartar hanta ta ƙara hepsidin, jiki ya ɓoye ƙarfensa daga ƙwayoyin cuta. A irin wannan hali sai a magance cutar tukuna. Ga mai sikila lamarin ya fi rikitarwa, saboda ɓargon da ke aikin wuce kima yana jan hepsidin ƙasa, ƙarin jini kuma yana tura shi sama.

Ya dace mai bincike ya san abin da ya faru a Gambiya kafin ya yi alkawarin da ya wuce hujja. A gwajin da aka wallafa a 2019, an ba wasu mata masu juna biyu ƙarfe ne kawai idan hepsidin ɗinsu ya yi ƙasa, wasu kuma aka ba su kullum, sai tsarin aunawar ya kasa kamo na kullum wajen ɗaga himoglobin.

Ta fuskar magani, a fara tantance ko cutar ta ƙarancin hepsidin ce ko ta yawansa. Inda ya yi kaɗan, kamar cutar tarin ƙarfe ta gado da talasimiya (wata cutar ƙarancin jini ta gado), ana neman abin da zai kwaikwaye shi. Inda ya yi yawa, kamar ƙarancin jinin masu ciwon ƙoda, ana neman abin da zai danne shi. Wanda ya fi nisa a cikin masu kwaikwayon shi ne rusfertide, allurar da ake yi a ƙarƙashin fata, wadda aka gwada a kan masu cutar yawan jajayen ƙwayoyin jini, ta kuma rage musu buƙatar ɗibar jini a kai a kai.