Tumatir na yaushi a lambun gida? Duba saiwa kafin ka ƙara ruwa

A gidaje da yawa, daga Birnin Kebbi har Argungu, da zarar tumatir ya yi yaushi da rana sai a ƙara masa ruwa. Sau da yawa ciwon yana cikin ƙasa ne, ruwan kuma yana yaɗa shi. Tuge tushe ɗaya ka duba. In saiwar ta yi gudaji-gudaji kamar carbi, tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani, kuma ta fi son ƙasa mai yashi irin tamu. In babu gudaji, yanke kara kusa da ƙasa ka tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa. Idan bayan 'yan mintoci farin abu ya fara zubowa kamar zare, ciwon yaushi ne na ƙwayar cuta, feshi ba ya warkar da shi. Tuge har da ƙasar gindinsa ka ƙone, kada ka jefa a ramin taki.

Kuskuren da ya fi yin ɓarna shi ne maimaita wuri ɗaya kowane hunturu. Wasu suna canzawa da tattasai, attaruhu ko gauta, alhali duk dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Kuɓewa ma tana ciyar da tsutsar. Ba wurin hutun shekara 3 da masara, dawa ko gero.

In filin ya yi kaɗan, zafin bazara zai yi maka aiki. A Maris ko Afrilu ka kafce ƙasar, ka jiƙa ta sosai, ka shimfiɗa farar leda mai nuna abin da ke ciki, ka binne gefunanta, ka bar ta mako 4 zuwa 6. Busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar zafin, nan ake yawan yin sakaci.

Dashen kasuwa kan zo da cutar, shi ya sa renon naka ya fi. Gasa ƙasar reno mai danshi a rabin duro, ta huce kafin ka zuba iri, kuma kada ka cika yayyafa iri ko ruwa, don shi ke sa ƙananan su ruɓe daga gindi. A fakitin iri nemi harafin N, alamar jure tsutsar saiwa ce. Irin tumatir mai suna Roma VF ba shi da wannan harafin.

Dasa a kan kunya, tazarar santimita 50 zuwa 60, da ruɓaɓɓen taki. Ba da ruwa a gindi da safe, ka wanke fartanya kafin ka koma wani fegin.