Yadda ake jinyar tsutsar Strongyloides idan ta bazu a jiki

Tsutsar da likitoci ke kira Strongyloides tana shiga ta fatar ƙafa idan mutum ya taka ƙasa mai danshi da bayan gida ya gurɓata, kuma ta sha bamban da sauran tsutsotsin ciki domin tana iya hayayyafa a jiki shekaru talatin ko fiye ba tare da mai ita ya sani ba. Tana zama bala'i ne ranar da garkuwar jiki ta raunana, galibi saboda magunguna irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke saya a kemis don neman ƙiba. A lokacin ne 'ya'yanta ke huda hanji su bi jini zuwa huhu, hanta, har da ƙwaƙwalwa, ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke cikin hanjin.

Wannan ba jinyar gida ba ce. Da zarar mai shan irin waɗannan magunguna ya fara gudawa, kumburin ciki, tari da sarƙewar numfashi, a kai shi asibiti a kwantar, a duba bayan gidansa da kakinsa, domin a wannan mataki tsutsar kan fito har a cikin kaki.

Babban maganin shi ne ivermectin, wanda mutanen karkara suka sani da Mectizan na makantar rafi. Ana bayar da maikurogiram 200 ga kowane kilo na nauyin majinyaci a kullum, wato mai kilo 60 zai sha ƙwaya huɗu masu miligiram 3, da ruwa, kafin ya ci komai. Kuskuren da ya fi muni shi ne dakatarwa bayan kwana biyu kamar yadda ake yi wa ƙaramar cuta. A nan ana ci gaba har sai gwaji ya daina nuna tsutsar tsawon mako biyu a jere, domin kusan tsawon lokacin da take ɗauka ke nan kafin ta kammala zagayenta. Albendazole bai kai shi ƙarfi ba, sai dai a haɗa su ko a yi da shi idan babu.

Akwai sharaɗi guda: wanda ya zauna a dazuzzukan Kamaru, Gabon ko kudancin Najeriya, a gwada jininsa don tsutsar ido ta Loa loa tukuna, saboda idan ta yi yawa ivermectin na iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Tare da haka likita zai sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, tun da gubar jini da sanƙarau su ne suka fi ɗaukar rai. Zai kuma rage dexamethasone ɗin sannu a hankali, domin yanke shi farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha na iya sa jininsa ya faɗi warwas. Bayan sallama, a riƙa maimaita gwajin bayan gida, musamman ga mai ƙwayar HTLV-1 (wata ƙwayar cuta da ke taɓa garkuwar jiki), wanda tsutsar kan dawo masa.