Yadda za a taimaki wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa gani

In aka sallamo Baba daga asibitin Shika da ke Zariya bayan hawan jini ya buge shi, hankalin kowa na kan ƙafa da hannu da baki, ido kam ba mai bi ta kansa. Sai ka ga an kawo tuwo ya cinye rabin kwano ya ce a ƙaro alhali ɗaya rabin na nan ko taɓawa bai yi ba, ko kuma kullum kafaɗarsa ta hagu sai ta daki ƙofar zaure. Wasu nan take za su ce a je Sabon Gari a yanko masa gilashi. To gilashi ba ya gyara wannan fa, idon lafiyarsa lau, ƙwaƙwalwar da ke karɓar hoton ce ta samu rauni, in ɓangaren dama ne ya taɓu ganin hagu ke ɗaukewa, kuma a duka ido biyun. Wanda ya faɗi a mashin ya bugu a kai shi ma yana iya samun haka.

Ka fara gwadawa a gida. Zauna gabansa ya tsura wa hancinka ido, ka miƙa hannu can gefe kana motsa yatsu kana matsowa a hankali, ya ce maka lokacin da ya gani, sannan ka yi ɗaya gefen. In akwai bambanci ka faɗa wa likita ranar kilinik, ka nemi a auna faɗin ganinsa a sashen ido, ka kuma tambaya ko akwai masu okupeshanal terafi, su ne aikinsu koya wa majinyaci komawa harkokinsa na yau da kullum. Kar a ja lokaci, yawancin ganin da zai dawo da kansa a wata 3 na farko yake dawowa, bayan wata 6 sai dai dabara.

Dabarar kuwa juya kai ce. Ya koyi kai dubansa har ƙarshen gefen da ya ɗauke kafin ya ci abinci, kafin ya taka, kafin komai. A baza masa murafen kwalba a tabarma daga wannan gefe zuwa wancan ya tsinto su duka, kaɗan-kaɗan kullum ya fi a tara masa rana ɗaya ya gaji ya yi fushi. Kuma don Allah mutan gida in ganin hagu ne ya ɗauke, ku rage tausayin nan na ajiye masa komai a dama. Magani da ruwa da sanda a bar su inda yake gani, amma rediyo da carbi da mai zuwa gaisuwa su koma hagu. Akwai wanda bai ma san akwai hagun ba, har aske rabin gemu yake yi, irin wannan sai an kama hannunsa an ɗora a bakin kwanon, faɗa ba ya komai.

Wajen karatu, a ja jan layi mai kauri a gefen hagu na takardar boko, sai ya ga jan sannan ya fara layi. Alƙur'ani kuma tunda daga dama ake farawa, kalmomin gaba ne ke ɓace masa, sai ya riƙa bi da yatsa har ƙarshen layi, a sa rula a ƙasan layin.

Don abubuwa su fito masa fili a gida, a sa tuwon shinkafa a kwano mai duhu, bakin dakali a shafa farin fenti, buta da takalma a kwashe daga hanya, a bar fitila a hanyar banɗaki da dare. Mai ganin abu biyu-biyu likita kan rufe ido ɗaya ko ya manna wani abu a gilashi.

Tuƙi kuwa, mota ko mashin, a karɓe makulli har sai likitan ido ya yarda. Tsallaka titi a PZ ko Kwangila ma a yi masa rakiya, ɗan rakiyar ya tsaya a gefen da ba ya gani.