Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Rukunin Jiragen Kai Hari na Sojin Ruwan Amurka

Duk wanda ya ƙudurta rubuta tarihin ɗaya daga cikin rukunonin jiragen kai hari da ke tashi daga kan manyan jiragen ruwan dakon jiragen yaƙi na Amurka, abu na farko da ya kamata ya cire daga ransa shi ne cewa lambar da rukuni yake ɗauke da ita ce shaidarsa. Lamba tana canzawa, ana kuma iya karɓe ta daga wani rukuni a miƙa wa wani daban. Saboda haka aikin yana farawa ne da tantance salsalar rukunin, kafin a taɓa labarin yaƙi ko ɗaya.

A tsarin da rundunar sojin ruwan ta daɗe tana bi har zuwa 1998, abubuwa uku ne ke faruwa da rukuni: a kafa shi, a sauya masa suna, ko a rushe shi. Sauya suna ba ya yanke tarihi, komai yawan sauyin. Rushewa kuwa tana yanke shi ƙat, ta yadda idan aka kafa sabon rukuni da tsohuwar lambar, ko da ya ɗauki tambarin na farko da laƙabinsa, a hukumance bai gaji ayyukansa ba. Don haka ka ɗauki takarda ka rubuta ranar kafawa, da ranar kowane sauyin suna, da ranar rushewa idan akwai, ka ajiye ta kusa da kai har ƙarshen aikin.

Kana buƙatar sanin ma'anar haruffan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu babu rukunin da ake kira VA a kan jiragen dakon. Akwai VB, masu jefa bama-bamai, da VT, masu sakin makamin nan da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa har ya fasa cikin jirgin ruwan abokan gaba. A ranar 15 ga Nuwamba, 1946 aka mayar da waɗannan biyun VA, wato rukunonin kai hari, sannan a 1948 aka sake musu lambobi. Daga shekarun 1980, yayin da jirgin F/A-18 Hornet ya shigo yana haɗa aikin faɗa a sama da kai hari a ƙasa, da yawansu suka koma VFA. Misali, rukunin da aka kafa a watan Agustan 1943 da sunan VT-19 ya zama VA-20A a 1946, ya zama VA-195 a 1948, sannan VFA-195 a 1985. Sunaye huɗu ke nan, amma rukuni ɗaya ne, tarihinsa kuma ɗaya.

Tarkon da ya fi kama masu bincike shi ne musayar lamba. A ranar 1 ga Yuli, 1959, rukunin VA-25 ya koma VA-65, shi kuma VA-65 ya koma VA-25. Rukunin da jiragensa masu farfela ƙirar Skyraider suka harbo jirgin MiG-17 a sararin Biyetnam ta Arewa ranar 20 ga Yuni, 1965, bayan sun taso daga kan jirgin Midway, a lokacin VA-25 ake kiransa, amma ya yi yaƙin Koriya ne da lamba 65. Wanda ya shiga neman abin da "VA-25" ya yi a 1950 ba tare da ya san da wannan musaya ba, zai jingina wa rukuni ayyukan da wasu mutane daban suka yi, kuma ba zai ga alamar kuskure ba domin takardun da ke hannunsa na gaskiya ne.

Idan salsala ta tabbata, sai ka tsara jadawalin tafiye-tafiye. Rukuni ba mallakar jirgin ruwa ba ne. Yana da sansaninsa a kan tudu, kamar Lemoore a jihar California, ko Oceana a Virginia, ko tsibirin Whidbey a jihar Washington, ana kuma haɗa shi da wasu rukunoni cikin babban ayarin jiragen sama guda, wannan ayarin ne ake ɗorawa a kan jirgin dakon na tsawon watanni. Ga kowace tafiya ka rubuta ranar fita da ta dawowa, da sunan jirgin ruwan, da ayarin, da irin jirgin saman, da tekun da aka nufa. A nan ma a kula, domin a watan Satumban 1962 Amurka ta sauya tsarin sunayen jiragen sojinta: AD ya koma A-1 Skyraider, A4D ya koma A-4 Skyhawk, A2F kuma ya koma A-6 Intruder. Idan ka ga wannan sauyi a jadawalinka, kada ka rubuta cewa rukunin ya karɓi sababbin jirage.

Madogara ta farko da ta cancanci a buɗe ita ce kundin da Roy Grossnick ya tsara, wanda cibiyar tarihin rundunar ta buga a 1995, mai suna Dictionary of American Naval Aviation Squadrons, juzu'i na ɗaya, domin a cikinsa aka jera salsalar rukunonin kai hari da kwamandojinsu da tafiye-tafiyensu. Sai dai kundin ƙasusuwa ne kawai, tsokar tana cikin rahotannin shekara-shekara da kwamandoji ke aikawa, waɗanda hukumar tarihin rundunar da ke birnin Washington take adanawa, da kuma rahotannin faɗa na zamanin Yaƙin Duniya da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a College Park. Littafin aikin yau da kullum na jirgin ruwa yana da amfani wajen tabbatar da inda jirgin yake a rana kaza, amma na jirgin ne, ba na rukunin ba. Akwai kuma kundin hotuna da ma'aikatan jirgi ke bugawa bayan kowace doguwar tafiya, wanda a ganina ya fi kowace takarda nuna fuskokin makanikai da masu loda bama-bamai, mutanen da suka fi matuƙan jirage yawa nesa ba kusa ba, amma ake mantawa da su.

Hoto ma shaida ne idan an iya karanta shi. Haruffa biyun da ke kan wutsiyar jirgi na ayarin ne, kuma tun ƙarshen shekarun 1950 na ɓangaren Atilantika suke farawa da A, na Fasifik kuma da N. Lamba mai alƙaluma uku da ke kusa da hanci tana iya sauyawa a kowane lokaci, amma doguwar lambar rajista da ke can baya ƙasa da wutsiya ita ce ke bin jirgin har ƙarshen rayuwarsa.

Sai batun labaran bajinta, inda ake buƙatar taka-tsantsan na musamman. Rukunin VA-195 ya samu laƙabin masu fasa madatsa ne daga harin ranar 1 ga Mayu, 1951, lokacin da jiragen Skyraider takwas suka taso daga kan jirgin Princeton suka lalata ƙofofin madatsar ruwa ta Hwachon a Koriya da makaman ƙarƙashin ruwa, bayan bama-bamai sun kasa. Labarin gaskiya ne, amma uku daga cikin jiragen na wani rukuni ne, VC-35, kuma tarihi mai adalci zai faɗi haka. Abin da tsofaffin matuƙa suka ba da labari bayan shekaru da yawa yana da daraja wajen sanin yadda abin ya kasance a zuciya, amma kwanan wata da adadi a ɗauko su daga takardar da aka rubuta a makon da abin ya faru.

Haka nan a rarrabe tarihin mutum da na rukuni. John McCain, matuƙin jirgin da daga baya ya zama sanata a Amurka, yana cikin VA-46 ne a ranar 29 ga Yuli, 1967, da gobara ta tashi a kan jirgin Forrestal ta halaka mutum 134, amma a ranar 26 ga Oktoba ta shekarar, da aka harbo shi a Hanoi, yana tare da VA-163 na jirgin Oriskany. Kowane lamari sai a ajiye shi a babin rukunin da ya shafa. Kada kuma a taƙaita jerin waɗanda suka rasu ga waɗanda wutar abokan gaba ta kashe, domin sauka a kan jirgin ruwa cikin dare da atisayen lokacin zaman lafiya sun ci rayuka masu yawa.

Babin ƙarshe ya danganta da irin jirgin da rukunin ya tsaya a kai. VA-46 da VA-72 sun kai jiragen A-7 Corsair yaƙin Tekun Fasha a 1991 daga kan jirgin John F. Kennedy, aka kuma rushe su a cikin shekarar. Rukunonin A-6 sun ci gaba har 1997, lokacin da haruffan VA suka ɓace daga kan jiragen dakon. Ranar bikin bankwana takan sha bamban da ranar rushewa ta hukuma, don haka a rubuta duka biyun. Idan kuma rukunin ya kai 1998, a tuna cewa daga shekarar an sauya ƙa'ida: yanzu dakatar da rukuni ake yi, kuma ana iya farfaɗo da shi da tarihinsa cikakke.