PGD ta ƙarshen mako ko digiri na biyu? Fara duba takardar da ke hannunka

Duk ƙanen da ya zo min da wannan tambayar, abin da nake fara tambayarsa shi ne da me ya fito. In HND gare ka, ko digirinka ya fito a mataki na uku, to kusan an riga an zaɓa maka. Jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya sukan nemi aƙalla 2:2, wato mataki na biyu na ƙasa, kafin su ɗauke ka digiri na biyu kai tsaye. PGD, wato diflomar gaba da digiri na farko, ita ce gadar da za ka bi ka haye. Amma kafin ka biya ko sisi, ka je da ƙafarka sashen da kake son yin digiri na biyu ka tambayi makin da suke so ka samu a diflomar. Na ga waɗanda suka gama lafiya, makinsu bai kai ba, ƙofar ta ci gaba da zama a rufe.

Malamin makaranta da ya karanta lissafi ko tattalin arziki, bai yi ilimin koyarwa ba, shi ma PGDE, wato PGD ta ilimin koyarwa, ita ce maganinsa, domin TRCN, hukumar rajistar malamai, ba ta yin rajista sai da shaidar koyarwa. NTI ta Kaduna, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, tana da cibiyoyi a jihohi, mutum yana karatunsa bai bar ajinsa ba.

In kuwa kana da 2:2 ko sama, kuma fanninka za ka ci gaba da shi, wallahi kada ka ɓata shekara da kuɗi a kan difloma. Tafi digiri na biyu. Sai dai ka san iri biyu ne. MBA (harkar kasuwanci) da MPA (harkar mulki) na ma'aikata ne, suna taimakawa a ofis. Mai son koyarwa a jami'a ko yin digiri na uku, M.Sc. ko M.A. mai cikakken bincike zai nema.

Binciken nan ne inda mutane ke maƙalewa. Darussan aji kowa yana gamawa. Amma ka taso daga aiki da la'asar, ka yi cefane, yara su kwanta, sannan ka buɗe babi na biyu da malami ya cika da jan biro, ga shi sai ka yi makonni ba ka same shi a ofis ba. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. In ka san ba ka da daren da za ka ba wa karatu yanzu, diflomar Asabar da Lahadi ba abin kunya ba ce.

Ma'aikacin gwamnati kuma, ko wanne ka zaɓa, ka karɓi izinin ofishinku a rubuce tun kafin ka sayi fom, ka ajiye kwafi a gida. Ranar da za ka kai shaidar don ƙarin girma, wannan takardar za a fara nema.